Yadda za ka ci wake ba tare da ciki ya dame ka ba

Mutane da yawa sun haƙura da wake ba don ba sa so ba, sai don abin da ke biyo baya, ciki ya kumbura ya dinga ƙugi, ga iska, kana cikin sahu kana ta fama da kanka. Abin da ke faruwa shi ne akwai wasu nau'in sukari a wake, raffinose da stachyose, jikinmu ba shi da enzayim, wato sinadarin narkar da abinci, da zai farfasa su, haka suke wuce ƙaramin hanji ba a taɓa su ba har babban hanji, can bakteriya ke zaune suna jira.

Su kuwa kayan aiki ne da su jibgi. Enzayim ɗin ɗan Adam na narkar da sitaci da sukari ba su kai 20 ba, amma bakteriya guda, Bacteroides thetaiotaomicron, nata sun haura 200. Da su suke daddatsa abin da ya gagare mu su ci, su fitar da iska, su kuma fitar da butyrate wanda shi ne babban abincin bangon hanjin naka. To ka ga barin waken gaba ɗaya asara ce, rage musu lodi kawai za ka yi.

Fara da jiƙo. Ka jiƙa waken tun dare, awa 8 zuwa 12, da safe ka zubar da ruwan ka sake wankewa, don Allah kar a dafa da ruwan jiƙon, sukarin nan narkewa yake a ruwa kuma wani kaso nasa yana ciki. In sauri kake, bari ya tafaso minti kaɗan ka tace ka zuba sabon ruwa. Kanwa fa laushi take sa shi da wuri, amma in ta yi yawa ɓata bitamin B1 take.

Sai babban aikin, sabo. Wanda ya yi wata biyu bai ga wake ba rana ɗaya ya zauna ya tada kwanon garau-garau, dole ya ji a jikinsa. Cokali uku ko huɗu kullum ya fi, kana ƙarawa a hankali, yawanci cikin 'yan makonni kumburin yake raguwa saboda hanjin da bakteriyar sun saba da aikin. Miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale, kunun gero duk su shigo, kowane irin ganye da hatsi akwai masu enzayim ɗinsa daban, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma cewa ta yi babba ya samu aƙalla giram 25 na fayiba a rana, wato ɓangaren ganye da hatsi da jikinmu ba ya iya narkarwa. Ɗumame ma kar a raina shi, tuwo ko shinkafa in suka huce wani ɓangare na sitacin yana taurarewa ya tsallake zuwa babban hanji. Daddawa kuwa an riga an yi maka rabin aikin tun a waje, wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis ta farfasa yawancin sukarin kalwar kafin ta shiga tukunya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Flagyl. Ciki na ɗan motsi sai a ruga kemis a siyo, alhali irin waɗannan bakteriyar da ba sa son iskar oksijin su yake kashewa, wato ka kori ma'aikatan kenan sannan ka dawo kana cewa wake bai karɓe ka ba. In ba likita ne ya rubuta ba a bar shi. Amma kumburin da ya zo da jini a bayan gida, ko rama, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, wannan ba maganar wake ba ce, a tafi asibiti.