Tarewa a Ingila da kuɗin tallafi: kurakuran da ke jefa mutanenmu cikin bashi

Wannan maganar ta ƴan uwa mazauna Ingila ce masu karɓar Universal Credit, wato tallafin wata-wata da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, musamman zawarawa masu yara da Allah ya kawo musu miji. Ana cikin hidimar biki da anko da dinner babu mai tuna cewa daga ranar da aka tare lissafin gwamnati ya canza, sai bayan wata shida ko shekara a ga ambulan ruwan ƙasa ta ƙofa, DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, na cewa an biya ki fiye da haƙƙinki, a dawo da kuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shine a ce ai aurenmu na masallaci ne, ba mu je rajista ba, don haka a wajen gwamnati ni har yanzu ba ni da miji. Toh su DWP ba ruwansu da takardar aure ko kaɗan. Abin da suke dubawa shine kuna zaune gida ɗaya kamar mata da miji? In eh ne shikenan, ko liman ne ya ɗaura ko kotu ko ma ba a ɗaura ba, a wajensu duk ɗaya ne. Haka kuma zancen nan da ke yawo a WhatsApp wai in bai wuce kwana uku a sati yana kwana ba babu komai, wallahi babu shi a doka. Suna kallon ina kayan sawarsa suke, wane adireshi ya bayar a banki da wajen aiki, wa ke cefane, wa ke biyan wuta da gas, mutane a matsayin me suka ɗauke ku. In da gaske yana da gidansa daban yana biyan haya can, wannan wata magana ce, amma kar ki gina rayuwarki kan ƙirgen kwana.

Gyaran ba wuya. Ranar da aka tare ki shiga asusunki na Universal Credit a intanet ki sanar cewa kin fara zama da miji, za su ba ki wata lamba, shi ma ya buɗe nasa asusun ya saka lambar a haɗe ku. Nan ne maza ke noƙewa, wai shi yana aiki ba ya karɓar sadakar gwamnati. Alhaji yi haƙuri ka buɗe, ko da sisi ba ka so, don in ba ka yi ba kuɗin matarka da na yara ne zai maƙale. Wanda kuma ya yi shiru bai sanar ba sai ya biya duk rarar da aka ba shi, ana iya ɗora masa tarar fam 50, in suka ga da gangan ne maganar ta koma zamba har kotu.

Sai masu lissafin nawa da naka in an haɗa ya ninka. Ba ya ninkawa. A farashin Afrilun 2025 mai shekara 25 zuwa sama yana samun £400.14 a wata shi kaɗai, ma'aurata kuwa £628.10 su biyun, kin ga sama da fam 170 sun tafi tun ba a je ko'ina ba. Sannan albashinsa ya shigo lissafi. A ce maigida yana aikin gadi yana kawo £1,800 a wata bayan haraji, kuna da yara kuma ana taimaka muku da haya, a farashin na 2025 za a ƙyale £411 na farko, ragowar a cire kobo 55 a kowane fam, wato kusan £764 za su fita daga abin da ake ba ku. Gara ku zauna da waya ku buga lissafin a shafin lissafin tallafi na Turn2us ko entitledto kafin a sa rana, a san wa zai cike gibin haya, ba sai wata ya ƙare a fara kallon kallo ba. Kuma kuɗin a asusu ɗaya suke faɗawa sau ɗaya a wata, ni dai a ganina a bar shi a na uwar yara.

Ajiya ma haɗa ta ake. Kina da fam 7,000 yana da 10,000, kowa shi kaɗai yana cikin tsari, da kun haɗu kun haura 16,000, Universal Credit ya tsaya cak. Daga 6,000 ma ake fara ragewa. Kuma fili ko gidan da ya saya a Kano ko Kaduna shi ma dukiya ne a wajensu, ba a cewa ai yana Najeriya ba su gani.

Wanda ya fi ban tsoro shine na biza. In matarka ta zo (haka ma in mijinki ne) da bizar aure wadda aka hana ta taɓa tallafin gwamnati, wasu sai su ce tunda ba ta da haƙƙi ba sai an ambace ta ba. Dole a ambata. Za a biya ka a matsayin mutum ɗaya amma albashinta da ajiyarta duk za a lissafa. A nan kam kar ka bi shawarar abokin majalisa, je Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, ko wajen lauyan shige da fice kafin ka danna komai, don ƙaramin kuskure yana iya dawowa lokacin sabunta biza.

Akwai waɗanda ake mantawa da su saboda ba DWP ke riƙe da su ba. Rangwamen kashi 25 na Council Tax, wato harajin gida na kansul, na wanda shi kaɗai ne baligi a gidan ne, da wani baligi ya shigo ya faɗi, kuma kansul za ki faɗa wa da kanki, kar ki ɗauka labari zai kai musu. Child Benefit, wato kuɗin yara, yana hannun HMRC, hukumar haraji, in sabon mijin yana samun sama da £60,000 a shekara za a fara karɓe wani kaso ta harajinsa, a £80,000 ya tafi duka, ko da yaran agola ne a wajensa. Dattijon da ke karɓar Pension Credit (tallafin ƴan fansho masu ƙaramin ƙarfi) kuma ya auro wadda ba ta kai shekarun fansho ba, tun Mayun 2019 sai dai su koma Universal Credit, wanda yawanci bai kai ba.

Wasu kuma tsoro ke sa su watsar da abin da babu mai taɓa musu. PIP, wato tallafin masu nakasa ko doguwar jinya, ba ya duba albashin miji, Carer's Allowance na mai kula da mara lafiya ma haka, kuɗin ciyarwa da uban yara ke turowa ba a lissafa shi a Universal Credit. In kuma DWP suka yanke cewa kuna zaune tare alhali ba haka bane, wata ɗaya gare ki ki nemi a sake duba hukuncin, ki haɗa da takardar hayarsa da bil ɗin wutarsa masu ɗauke da adireshinsa.