Yadda ake raɗa wa takobin almara suna

Idan marubuci ya turo mini labari na ga jaruminsa ya zaro "Takobin Mutuwa Mai Wutar Har Abada", nan take na san bai san takobin ba tukuna. Ya tara manyan kalmomi ne don su rufe giɓin tarihi. Ni dai ka'idata ɗaya ce: fara samar wa takobin abin da ya aikata, sunan zai biyo baya da kansa.

Dubi takobin Kusanagi na almarar Japan. An ce Susanoo, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ne ya same shi a cikin wutsiyar wani maciji mai kawuna takwas, kuma da wani suna daban ake kiransa a lokacin. Sai daga baya, da abokan gaba suka cinna wa jeji wuta don su ƙona wani yarima jarumi mai suna Yamato Takeru, ya sa takobin ya sassabe ciyawar da ke kewaye da shi ya tsira. Daga ranar aka koma kiransa Kusanagi, wato Mai Yankan Ciyawa. Ba jini, ba tsawa a sunan, amma duk wanda ya ji sai ya tambaya: wace ciyawa? Tambayar nan ita kake nema daga mai karatu.

Saboda haka kafin ka rubuta suna, amsa wa kanka: wa ya raɗa shi? Maƙeri kan sa sunansa ne kawai, kamar takubban Turai na ƙarni na 9 zuwa na 11 da aka tono ɗauke da rubutun Ulfberht a jikin ƙarfensu. Mai takobi kan yi fahariya. Amma sunan da ya fi daɗi shi ne wanda abokan gaba suka laƙaba, domin tsoro ba ya ƙawata magana. Mutanen da aka ci garinsu da dare ba za su ce "Hasken Nasara" ba, Hana-Barci za su ce.

Harshenmu ya yi mana gata a nan. Haɗa aiki da abin da aikin ya faɗa wa, ka samu suna mai kama da kirari: Ci-Sulke, Raba-Gardama, Kashe-Fitila. Faɗe shi da ƙarfi sau uku, kamar kana kiran mutum a filin daga. In harshenka ya sarƙe, rage gaɓa. Biyu zuwa biyar sun isa.

Wurin da na fi so a daɗe shi ne aibi. Curtana, takobin da ake ɗauka a bikin naɗin sarakunan Ingila, har a na 2023, ba shi da tsini, bakinsa a gutsure yake, kuma ana kiransa Takobin Jinƙai. Tyrfing na almarar mutanen arewacin Turai an la'ance shi, duk lokacin da aka zare shi sai ya kashe mutum. Takobin da ba ya cutar da mai shi, ba ya neman komai a wurinsa, ƙarfe ne kawai mai kaifi. Ba shi sharaɗi, sannan ka bar sharaɗin ya shiga sunan. A ce naka ba ya komawa kubensa sai ya sha jini, to ka kira shi Gagara-Kube. Yanzu duk sanda jarumi ya kai hannu ƙugu a tsakiyar musu, gaban mai karatu zai faɗi tun kafin a ga ƙarfe.

Ga masu tsara wasannin kwamfuta kuwa, sunan zai zauna ne a ɗan ƙaramin akwati cikin jerin kayan ɗan wasa, don haka gajarta shi, ka tura tarihin zuwa layi ɗaya ko biyu na bayani a ƙasa. Kuma kada ka raba suna ga kowane makami. In takubba hamsin duk suna da laƙabi, ɗan wasa zai sayar da su ba tare da ya karanta ko ɗaya ba. Uku a duk wasan sun wadatar, sauran su zauna a "takobin ƙarfe".

Ka kuma bincika intanet kafin ka kafe a kan suna, ko wani ya riga ka. Sunaye masu daraja a addini, irin su Zulfiƙar na Sayyidina Ali, a bar su inda suke, kada a maƙala wa takobin wani ɗan fashi a labarin ƙirƙira.