Yadda ake nuna tsana da ƙyama da Turanci ba tare da an maƙale wa "hate" ba

Akwai wani yaro da nake koya wa Turanci da yamma, ɗan aji uku na babbar sakandare mai shirin jarrabawar WAEC. Na sa shi ya rubuto sakin layi ɗaya kan abin da ba ya so a unguwarsu. Da ya kawo na ƙirga, "hate" ta fito sau bakwai a layi tara. Sauro hate, kwata hate, maƙwabcin da ke kunna janareta tsakar dare shi ma hate. Sai na tambaye shi da Hausa: "Wai kwatar nan tsanarta ka yi ko ƙyamarta kake ji?" Bai ko tsaya tunani ba ya ce, "Ƙyama mana, Malam." Maƙwabcin fa? Ya ce shi kam haushinsa yake ji. Ashe yaron ya san bambancin sarai, kalmomin Turancin ne bai tanada ba. Ga hanyar da muka bi, kuma kowa zai iya bin ta.

Mataki na farko: faɗi abin da Hausa tukuna.

Kafin ka nemi kalmar Turanci, tambayi kanka me ya jawo ƙin. Tsana ce, ƙyama ce, raini ne, ko abin ne kawai ya ishe ka? Yawancin masu koyo suna jera kalmomin ne daga mai sauƙi zuwa mai zafi, kamar matakalar bene. Hakan ba laifi ba ne, amma dalilin ƙin shi ya fi ware su.

Mataki na biyu: ba kowane dalili kalmarsa.

Nan aikin yake. "Hate" ita ce tsana ta gama-gari, tsohuwar kalma ce da Turawan Ingila suka gada tun kafin Normandawa masu jin Faransanci su ci ƙasarsu a 1066. Yawan amfani ya sa kaifinta ya dushe, shi ya sa za ka ji Bature ya ce "I hate Mondays" alhali kasalar komawa aiki kawai yake nufi. "Detest" kuwa daga Latin ta biyo ta Faransanci, ta fi nauyi, kuma ta fi dacewa da rubutu: "I detest lying", wato na tsani ƙarya har cikin raina.

Idan ƙyama ce, irin wadda ke sa mutum ya yamutsa fuska, to "loathe" ce kalmarka. "She loathes cockroaches" na nufin ko ganin kyankyaso ba ta son yi. Kusa da ita akwai "disgust", sai dai ita ginin jimlarta a juye yake: abin ƙyamar shi ke zuwa farko. Ana cewa "the smell disgusts me", warin yana tayar mini da zuciya. Wanda ya ce "I disgust the smell" ya ce shi ne warin ke ƙyama, kuma na sha ganin wannan kuskuren a takardun ɗalibai.

Raini kuma "despise" ne. Tushenta na Latin yana nufin kallon abu daga sama zuwa ƙasa, to ka ga ta yi daidai da kallon raini namu. Da ita ake maganar maci amana ko matsoraci: "they despise him for betraying his friends". Ɗalibin nawa ya taɓa rubuta "I despise okra soup". Bature zai iya faɗin haka don zolaya, amma a jarrabawa sai ya zama kamar ka ce ka raina miyar kuɓewa, ita kuwa ba ta yi maka laifin komai ba sai yauƙi.

Sai "abhor", wadda ba a cika jin ta a hira ba. Wurinta huɗuba, jawabin shugabanni da sharhin jarida, inda ake Allah wadai da abin da ya saɓa wa ɗabi'a: "we abhor violence". Kada ka ɓata ta kan sauro. Haushin wanda ya zalunce ka, irin wanda ake riƙewa a zuci, shi ne "resent". Da ita yaron ya gyara jimlarsa ta mai janareta.

Mataki na uku: tanadi na hira daban.

A magana ta yau da kullum "can't stand" ta fi duk waɗancan yawo, in ban da "hate". "I can't stand this heat", zafin nan ya fi ƙarfina, ba na iya jure shi. "Can't bear" ƙanwarta ce. In abu ya gundure ka saboda maimaituwa, ka ce "I'm sick of" ko "I'm fed up with". A kula, "sick of" ba ta da alaƙa da rashin lafiya. "I'm sick of waiting" na nufin jira ya ishe ni. Amurkawa, musamman matasa, sukan ce "gross" ga abin ƙazanta.

Mataki na huɗu: duba abin da ke bin kalmar.

"Hate" tana karɓar duka biyu: "I hate waiting" da "I hate to wait". Amma "dislike", "detest" da "loathe" siffar da ke ƙarewa da -ing suke so. Ka ce "I detest waiting", ka bar "to wait". Wajen ƙarfafawa kuma ba a cewa "I very hate it". Ana cewa "I really hate it" ko "I absolutely loathe it". Sannan akwai wani tarko: "I hate to tell you this" ba tsana ba ce, ladabi ne, daidai da mu ce "ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka".

Mataki na biyar: gyara furuci da rubutu.

"Loathe" mai e a ƙarshe ita ce ƙyama. "Loath" marar e siffa ce mai nufin nauyin jiki wajen yin abu: "he was loath to leave", bai so tafiya ba. Sautin ƙarshen "loathe" irin na farkon "this" ne, harshe tsakanin haƙora, kamar harafin zalun a bakin wanda ya iya tajwidi. Mu Hausawa mukan mai da shi z. A "detest", "despise" da "abhor" kuwa gaɓa ta biyu ake dannawa. In za ka rubuta "abhor" a shuɗaɗɗen lokaci, r biyu ce: "abhorred".

Mataki na shida: san inda ake sassautawa.

Turawan Ingila suna da kara irin tasu. A gaban baƙo ko shugaba a wurin aiki, maimakon "I hate it" sai ka ji "I'm not keen on it", "I'm not a fan", ko "it's not my cup of tea". Sau da yawa ƙin da ke ƙarƙashin wannan lafazi mai laushi ba ƙarami ba ne, kamar yadda Bahaushe zai ce "to, ba laifi" alhali ransa bai kwanta ba. In an ba ka abinci a gidan mutane, waɗannan za ka ɗauko. Haka a hirar neman aiki, in an tambaye ka abin da ba ka so a tsohon wurinka.

Mataki na bakwai: gwada da abubuwan gidanku.

Ɗauki takarda ka rubuta abubuwa biyar da ba ka so, kowanne da dalilinsa da Hausa a gefe: ƙyama, raini, haushi, gundura, tsana. Sannan ka yi wa kowanne jimlar Turanci ɗaya, da sharaɗin "hate" ba za ta fito fiye da sau ɗaya ba. Karanta su da ƙarfi. Washegari ka ɗauki jimlolin nan biyar ka sake faɗin su yadda za ka faɗa a gaban surukinka.