Yadda ake tuƙi a kan santsi, daga ƙanƙarar Kanada har ruwan Legas

Toh 'yan uwa, yanzu daga Agege har Idi-Araba da Mile 12 da wuya ka samu layin da babu wanda ɗansa ko ƙaninsa ke haɗa takardun tafiya Kanada, kuma da yawansu in sun isa aikin tuƙi suke fara kamawa, kai kaya ko ɗaukar fasinja, shi ya sa maganar tuƙi cikin dusar ƙanƙara ta zama tamu. Wanda kuma yake nan bai da niyyar zuwa ko'ina kar ya ce ba ruwansa, domin motocin tokumbo, wato na hannu, da ake saukewa a Apapa da yawansu daga can suke, kuma na'urorin da aka sa musu saboda santsi su ne dai za su tsaya maka a kan gadar Third Mainland ranar da ruwan Yuni ya sauko.

Mu fara da taya, domin duk wayon kwamfutar mota da ita take aiki. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannunka ba. A ƙasashen sanyi in zafin gari ya yi ƙasa da digiri 7 robar taya ta yau da kullum tana sandarewa ta daina kama titi, sai a koma tayar hunturu mai laushi, za ka gane ta da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a gefenta. A lardin Kebek doka ce ma, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da ita. Ɗan'uwa in ka je kar ka yi tsumulmular kuɗin nan, wallahi ya fi komai muhimmanci. Mu kuma a nan akasin haka ne, irin wannan tayar tana shigowa cikin na hannu, mutum ya ga zanenta da zurfi ya yi murna ya saya, alhali zafin kwaltarmu cinye ta yake da wuri. Ka duba gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In zanen ya suɗe ya kai milimita 1.6 ta gama aiki, mai faci ba zai iya mata komai ba.

Sai ABS. Kamfanin Bosch da Mercedes suka fito da nasu na zamani a 1978, aikinsa ya hana taya ƙamewa idan ka taka birki da ƙarfi, domin tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari, ka juya dama ka juya hagu motar miƙewa kawai take. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, ranar da abu ya faɗo gabanka ka danna birki sai ka ji fedal na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka da wata ƙara kamar ana niƙa, sai tsoro ya kama mutum ya ɗaga ƙafa a zatonsa wani abu ya karye. Babu abin da ya karye, na'urar ce ke kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ka danne iya ƙarfinka, ka riƙe, ka karkata sitiyari zuwa inda hanya take. Tsohuwar dabarar nan ta taka-saki-taka-saki ta motar da ba ta da ABS ce. Shawarata ka samu fili babu kowa ranar da aka yi ruwa, ko wurin fakin da ƙanƙara ta rufe in kana can, ka yi gudu kaɗan kamar kilomita 30 ka taka birkin sosai don ƙafarka ta san wannan karkarwar tun kafin ranar buƙata. Amma ka sani a kan dusa mai laushi ko tsakuwa ABS ba lallai ya rage nisan tsayawa ba, wani sa'in ma yana ƙara shi, abin da yake bar maka shi ne ikon kaucewa.

Wanda ni na fi ganin ƙimarsa shi ne ESC, tsarin hana mota zamewa daga kan hanya, Toyota na kiransa VSC, Honda kuma VSA. Ya fara fitowa a 1995, kuma Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, kaga ke nan tokumbonka in ba tsohuwa ba ce sosai tana da shi. Yana kallon inda ka juya sitiyari, yana kallon inda motar ke nufa a zahiri, in suka saɓa sai ya rage ƙarfin inji ya taka birkin taya ɗaya tak don ya dawo da hancin motar kan hanya, abin da babu direban da zai iya yi da ƙafarsa komai ƙwarewarsa. Alamarsa a dashbod hoton mota ne da layuka biyu a murɗe a bayanta. In tana ƙyaftawa yana aiki ne, kuma yana gaya maka titi ya fi ƙarfin gudunka, ka sassauta. In ta tsaya cak a kunne akwai matsala.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda muke yi da waɗannan fitilun a garin nan. Fitilar ABS ta kama, sai a kai wa mai gyaran waya ya cire ƙwan ko ya liƙe wurin da baƙin salatif, wai don mai saye kar ya gani ko don ta daina damun ido. Sau da yawa fa sansar taya ɗaya ce laka ta toshe ko wayarta ta tsinke a rami, a sa kwamfuta a duba a samo wata a Ladipo shi ke nan. Kuma da yake ESC da waɗannan sansa yake aiki, in sun mutu shi ma ya tafi. In za ka sayi mota a Berger ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilar ABS ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu, in ba ta nuna ba kwata-kwata to an taɓa ta.

Yanzu tuƙin kansa. A ƙanƙara komai a hankali ake yi, totur a hankali, birki a hankali, sitiyari a hankali. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Tazarar tsayawa a jiƙaƙƙen titi tana ninka ta busasshe sau biyu, a kan sandararriyar ƙanƙara kuwa tana iya kaiwa ninki goma, don haka halin nan namu na Oshodi na manne wa bambar na gaba don kar danfo ya shige, ka bar shi a filin jirgi. Gada tana riga sauran titi daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinta, kuma akwai ƙanƙarar da ba a gani, sai ka ɗauka titi ne kawai ya jiƙe. Kashe na'urar riƙe gudu da kanta. In bayan mota ya fara zamewa ka ɗaga ƙafa daga totur, idonka a inda kake so ka je ba a kan abin da kake tsoron bugawa ba, ka juya sitiyari ɓangaren da bayan ya zame ba tare da fizga ba. Masu jif kuma dan Allah ku ji, taya huɗu masu ja suna taimaka maka ka tashi ne, wajen tsayawa daidai kake da mai Corolla.

Kafin ka fita ka share dusar duka, gilashi da fitilu da rufin mota, har da kyamara da sansar gaba, domin birkin gaggawa na kansa da na'urar bin layi makancewa suke in an rufe musu ido ko ƙanƙara ta binne fentin titi. Ruwan wanke gilashi ka zuba wanda ba ya daskarewa. In ka maƙale, nan ne kaɗai wurin da za ka kashe na'urar hana taya sulɓewa, ka riƙa gaba kaɗan baya kaɗan har ta fita, sannan ka mayar da ita. Haka ma in yashin Ajah ko laka ya riƙe ka. In kuma dole ka zauna cikin mota da inji a kunne kana jiran taimako, ka fita ka tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba, iskar gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta wari kuma tana kisa.

Mu na nan, ruwan farko bayan rani shi ne mafi haɗari, ya haɗu da ƙura da baƙin mai da gas ɗin da ya ɗiga a hanyar Apapa titi ya koma kamar an zuba miyar kuɓewa. In ka shiga kwantaccen ruwa da gudu ka ji sitiyari ya yi sakayau, tayar ta hau kan ruwa ne, kar ka taka birki da ƙarfi kar ka juya, ɗaga ƙafa kawai ka riƙe ta a miƙe har ta sake kama ƙasa. Ambaliyar Lekki kuwa babu na'urar da ke maganinta, ruwa mai zurfin santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, in ba ka ganin bakin kwalbati ka juya ka nemi wata hanya. In ka ratsa wanda bai da zurfi, da ka fito ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya a hankali har ya bushe kafin ka ƙara wuta.