Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi shiga domen na ofis

Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu a Katsina sun dame ni da tambayar me za a yi idan kwamfuta ta ƙi shiga domen, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin ofis ƙarƙashin babbar kwamfuta mai kula da asusun kowa, musamman masu Windows 7. Ga yadda ake bi:

1. Duba wayar sadarwa a bayan kwamfutar. In 'yar fitilar ba ta kamawa, zare ta, hure ƙurar hunturu, ka mayar.
2. Shiga da asusun mai kula na cikin kwamfutar kanta: .\Administrator
3. Duba agogo da kwanan wata. Nan matsalar ta fi ɓoyewa. Saɓanin da ya haura minti 5 tsakaninta da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da domen, ya isa a rufe maka ƙofa.
4. In agogon na komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, canja batirin CR2032 na kan allon ciki, mai kama da kwabo.
5. Buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni, rubuta ipconfig /all.
6. A sakamakon da ya fito, tabbatar layin DNS (mai juya sunan kwamfuta zuwa adireshinta) na nuna adireshin sabar ofis, ba 8.8.8.8 na Google ba.

Hattara: kada ka taɓa mataki na gaba sai kalmar sirrin asusun cikin kwamfutar na hannunka. In ba haka ba, ka kulle kanka waje.

7. Har yanzu ta ƙi? Fitar da ita daga domen zuwa WORKGROUP, wato rukunin kwamfutocin da ba sa ƙarƙashin domen.
8. Kashe, kunna.
9. Mayar da ita domen da asusun mai izini.
10. Sake kunnawa, ka gwada shiga.