Yadda za ka lissafa awa nawa jirgi zai yi daga Gombe zuwa Abuja ko Jidda

Ba sai ka jira ɗan ajan ya gaya maka ba, lissafi ne da kai ma za ka yi a wayarka. Abu biyu kawai kake nema, nisa da gudun jirgi.

Da farko ka riƙe haruffa ukun da ake yi wa kowane filin jirgi laƙabi da su. Namu na Gombe da ke Lawanti GMO ne, na Bauchi da ke Durum BCU, Abuja ABV, Jidda JED. Su za ka sa a Google ka nemi nisan sama. Kar ka ɗauki wanda Google Maps ya ba ka, wannan na mota ne da zai bi da kai ta Bauchi da Jos da duk kwanar da ke hanya, shi jirgi miƙewa yake kusan ɗoɗar. In kuma ka ga an rubuta nm a gefen lambar to mil ɗin matuƙa ne, ka ninka da 1.852 ya dawo kilomita.

Toh Gombe zuwa Abuja ta sama wajen kilomita 420 ne, daga Bauchi kuma wajen 320. Jirgi mai injin jet yana gudun kilomita 800 da 'yan kai a awa, ka raba 420 da 800 za ka samu minti 30 da ɗoriya. Amma fa ba nan lissafin ya tsaya ba, don jirgi ba ya tashi da wannan gudun, sai ya yi ta lallaɓawa a ƙasa ya jira izini ya hau sama sannan tun daga nesa ya fara rage gudu don sauka, saboda haka ka ƙara minti 30 a kai. Kaga awa ɗaya kenan. In mai farfela ne gudunsa wajen 500 ne, ka ƙara masa kaɗan.

Inda alhazai ke rikicewa shi ne Jidda. Nisan wajen kilomita 3,300 ne, awa huɗu da rabi kenan a lissafinmu, amma Saudiyya ta riga mu da awa 2 kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti agogon can ne. Ka tashi ƙarfe 10 na dare, tikiti ya ce 4:30 na asuba, 'yan gida su zaci awa shida da rabi za ka yi a sama, alhali 2:30 ne a Gombe. Sannan in an rufe sararin samaniyar wata ƙasa dole a yi zagaye, kamar yadda yaƙin Sudan ya ja wa jiragen alhazai a 2023, tafiyar ta ƙara tsawo sosai.

Ni dai wanda ya fi damuna shi ne lokacin ƙasa, shi mutane ba sa sawa a lissafi. Fita daga cikin gari zuwa Lawanti, isa da wuri kamar awa ɗaya da rabi kafin tashi don awon kaya, jiran akwati in an sauka, ga filin Abuja kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar gari ga cunkoson unguwar Lugbe da ke kan hanyar da safe. Tafiyar awa ɗayan nan ta koma huɗu ko biyar. A lokacin hunturu kuwa in hazo ya sauko ana iya ɗaga tashi ko a soke gaba ɗaya, in intabiyu ko mitin gare ka ƙarfe 9 na safe wallahi gara ka tafi tun ana gobe ka kwana can.