Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Masu Rini a Ƙofar Mata, Kano

1. Je da hantsi. Hasken tsakar rana yana kashe kyan shuɗi.

2. Yi sallama, ka gaida dattijon wurin: "Baba, ɗalibi ne ni, ko a ba ni izinin ɗaukar hoto?" In ya ƙi, ka haƙura.

3. Zauna tukuna, kyamara a rataye. Kalli yadda marini ke tsoma zane a ruwan baba, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Ɗagowar nan kake jira, ruwa na tsiyaya.

4. Durƙusa daidai hannunsa ka ɗauka. Kada ka ce ya tsaya ya dube ka, ai ba hoton fasfo ka zo yi ba.

5. Kafin ka tafi, nuna masa hoton.